Tsohon Doki Sai Mai Shi: Har Ina 'Yan Gayya Za Su Raka Tsohuwar Kwamfuta?

Duk wanda ya taɓa shiga karar Getso ya san ba a tambayar mai rago shekarun ragonsa. Buɗe baki ake yi a duba haƙora. Kwamfuta ma tana da haƙoran da ake dubawa, sai dai ita shekarunta kashi uku ne, kuma mutum biyu suna iya yin gardama daga hantsi har la'asar ba su gane cewa kowa da shekarar da yake ƙirgawa ba.

Akwai shekarar da aka ƙera ta. Akwai shekarar da wani ofis a Ingila ko Jamus ya gama da ita, aka loda ta a kwantena ta sauka Legas, ta hau mota zuwa Kano, ta zauna a wani shago a titin Beirut tana jiran mai rabo. Sai kuma shekarar da mai shagon buga takardu ya ɗora ta a cinyarsa a cikin motar haya, suka bi ta gaban sabon mazaunin Jami'ar Bayero, suka wuce Rimin Gado da Garo, ya sauke ta a Gwarzo. Wanda ya ƙera ta yana ƙirga ta farko. Mai shago yana ƙirga ta uku. Shi ya sa idan ka ce masa kwamfutarsa ta tsufa zai dube ka da mamaki na gaskiya, domin bara waccan ya saye ta, kuma ledar da ke jikin murfinta ma bai ɓare ba. In ya gama da ita, ba bola za ta ba. Wani malamin makaranta daga Kabo zai saye ta, ta sake zama sabuwa karo na huɗu.

Wani kawuna yana da irin wannan shago a Gwarzo. Kwamfutoci uku gare shi: manya biyu na tebur, da wata 'yar ƙarama ta cinya wadda bai fi a saka ta a aljihun babbar riga ba. Da su ake buga takardar rantsuwa, da katin ɗaurin aure, da takardar cinikin gona, da kundin kammala karatu na ɗalibai. Da yamma yaran da za su zana jarrabawar JAMB suna zuwa su koyi riƙe linzami, domin tun 2015 jarrabawar gaba ɗayanta a kan kwamfuta ake yin ta, kuma yaron da bai taɓa danna komai ba sai ranar jarrabawa ya riga ya zubar da maki kafin ya karanta tambaya ta farko. Waɗannan na'urori uku suna ciyar da gida. Don haka tambayar ko wa zai ci gaba da yi musu manhaja, kuma har yaushe, tambaya ce ta tuwon dare.

Kamfanoni sun riga sun ba da tasu amsar. Microsoft ta janye hannu daga Windows XP ranar 8 ga Afrilun 2014, daga Windows 7 ranar 14 ga Janairun 2020, daga Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025. Windows 11 kuma tana neman wani guntun tsaro da furosesa na baya-bayan nan waɗanda mafi yawan abin da ke kan teburanmu ba su da su. Burauzar Chrome ta tsaya wa masu Windows 7 a kan siga ta 109 tun Janairun 2023. Kamfani ɗan kasuwa ne, lissafinsa a fili yake. Waɗanda ake sa wa ido su ne ɗaya ɓangaren, masu yin manhaja kyauta don Allah da son abin.

Hanyar da ta fi sauƙin fahimtar su ita ce aikin gayya. Mutane ne warwatse a duniya, kowa da sana'arsa, suna haɗuwa a gona ɗaya su yi noma, amfanin kuma na kowa ne. Debian, ɗaya daga cikin manyan tsare-tsaren Linux, gayya ce da Ian Murdock ya kira a watan Agustan 1993, har yau ba a watse ba. VLC, manhajar nan mai alamar hular titi ruwan lemo da ake kallon finafinan Kannywood da sauraron tafsiri da ita, ɗalibai ne suka fara ta a wata makarantar injiniyoyi ta Faris. LibreOffice, wadda ke yin aikin Word da Excel ba tare da an biya ko sisi ba, ta taso a 2010. Kiwix, mai ba mutum damar karanta Wikipedia babu intanet, Emmanuel Engelhart da Renaud Gaudin ne suka kafa ta a 2007. Bambanci ɗaya ne tsakanin wannan gayya da tamu. A gayyar gona mai gona yana dama fura, ana kiɗa, ana watsewa da azahar. A gayyar manhaja babu mai dama fura, babu lokacin tashi, kuma duk wanda ya ci amfanin gonar yana iya aiko da saƙo tsakar dare cewa kunya ta uku ta karkace.

To, ranar 9 ga Agustan 2025 'yan gayyar Debian suka fitar da siga ta 13, kuma suka sanar cewa daga ita babu sauran girka ta a kan kwamfuta mai bit 32. A cikin wannan Agustan ne kuma LibreOffice 25.8 ta fito ba tare da goyon bayan Windows 7 da 8 ba. Sai surutu ya tashi, wasu na cewa an yi wa talaka butulci, wasu na cewa an ma makara.

Sai an san mene ne bit 32 kafin a yanke hukunci. Furosesa kamar magatakarda ne da aka ba littafin rajista mai layuka ƙidayayyu. Mai bit 32 layukansa 4,294,967,296 ne, wato adireshin gigabait 4 na ram, abin da zai iya kira da suna kai tsaye ke nan. Mai bit 64 littafinsa ba ya cika a rayuwar mai amfani da shi. Duk manhajar da aka rubuta dole a gina ta sau biyu, a gwada ta sau biyu, in ta lalace a gyara ta sau biyu, kuma na biyun sai an samu wanda yake da tsohuwar na'urar a ɗakinsa, yana da lokaci, yana da niyya. Burauza ta zamani ta yi girman da wurin gina ta ma gigabait 4 ɗin ya kan yi kaɗan.

Akwai kuma maganar agogo. Tsofaffin tsare-tsaren dangin Linux masu bit 32 suna ƙirga lokaci ne da daƙiƙa tun daga 1 ga Janairun 1970, kuma ƙirgarsu tana ƙarewa a kan 2,147,483,647. Za a kai wannan lamba ranar Talata 19 ga Janairun 2038, ƙarfe 4:14 na asuba agogon Najeriya, kafin kiran sallar farko ya gama ratsa gari. Daƙiƙa ɗaya bayan nan, kwamfutar da ba a gyara ba za ta tsinci kanta a ranar 13 ga Disamban 1901, zamanin Sarkin Kano Alu, Turawa ba su ci Kano ba tukuna. Duk takardar cinikin gonar da ta ɗauko kwanan wata daga agogon na'urar za ta girmi kakan mai sayarwa. Gyaran wannan aiki ne na shekaru, kuma mutanen da ba a biya ne suke yin sa.

Wanda yake ganin ɗaukar tsofaffi ba ya cin komai, ya tuna da abin da ya faru a Afrilun 2014. An gano wata ɓaraka da aka laƙaba wa suna Heartbleed a cikin OpenSSL, manhajar da ke kulle sirrin babban kaso na shafukan intanet, aka kuma tarar mutane 'yan ƙalilan ne ke riƙe da ita. Da 'yan gayyar OpenBSD suka ɗauki kwafinta don su share, a makon farko suka zubar da layuka sama da 90,000, ciki har da waɗanda aka ajiye saboda tsare-tsaren da aka daɗe da binnewa irin su OS/2 da NetWare. Ba waɗannan layuka ne suka haifi ɓarakar ba, amma ɗakin da aka cika da tsofaffin kwanuka ba a ganin maciji a cikinsa da wuri. Shekara goma bayan haka, a Maris ɗin 2024, wani injiniya mai suna Andres Freund ya lura shiga wata na'urarsa yana ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa, ya bi sawu, ya gano an dasa ƙofar ɓarayi a cikin xz, wata 'yar manhajar matse fayil da ke cikin kusan kowane Linux. Mutum ɗaya ne, Lasse Collin, ya yi shekaru yana ɗauke da ita kyauta har ya gaji, aka yi ta matsa masa da ƙorafi, sai wani da ya zo da fuskar taimako ya samu shiga. Duk lokacin da na ji wani yana cewa wajibi ne 'yan gayya su riƙe kowace na'ura har abada, wannan mutumin nake tunawa. Gajiyarsu ba tasu ba ce su kaɗai, tana iya buɗe ƙofar gidan kowa.

Yanzu sai a buɗe bakin ragon. Na je shagon kawu da wannan labari a raina, ina zaton duka ukun sun shiga cikin waɗanda aka sallama. Da na duba, manyan biyun Core 2 Duo ne. Intel ta fitar da wannan furosesa a 2006, kuma mai bit 64 ne. AMD ma tun 2003 take sayar da nata. Abin da ya faru shi ne mai gyaran da ya girka musu Windows 7 ya sa musu mai bit 32, domin ita ce a filashinsa, suka yi shekaru suna tafiya da ƙafa ɗaya alhali suna da biyu. Wannan shi ne halin yawancin kwamfutocin da na taɓa buɗewa tsakanin Gwarzo da Kabo. Hukuncin Debian bai taɓa su ba ko kaɗan.

'Yar ƙaramar ce ta faɗa ciki. Furosesanta Atom N270 ne na 2008, bit 32 ne tsantsa, babu dabarar da za ta canja shi. Kuma ita ce kawu ya fi ji da ita, don dalili mai ƙarfi: ba ta cin wuta. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, tayar da janareto don buga shafi biyu ya zama asara, ita kuwa ƙaramin faifan sola da batir ɗaya sun ishe ta yini. A watan Oktoban 2024, da layukan wuta suka lalace Arewa ta yi kwanaki cikin duhu, irinta ne suka ci gaba da aiki. Wanda yake zaune inda wuta ba ta ƙiftawa zai ga wannan na'ura a matsayin tarkace. A nan ita ce ma'aikaciyar da ba ta fashi.

Daga nan na fahimci cewa shekarar ƙira ba ita ce ke kashe kwamfuta a wajenmu ba. Nauyi ne. Na'ura mai bit 64 da ram gigabait 2 tana cikin jerin waɗanda ake goyon baya a takarda, amma buɗe shafi uku a burauza sai ta tsaya tana nishi. Manhajar da fayil ɗin girka ta ya haura megabait 300, kuma take son a sabunta ta kowane 'yan makonni, ta sallami mutumin Kabo ko da sunan na'urarsa na cikin jeri, musamman bayan hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025. Manhajar da ba ta girkuwa sai da intanet ta fi wadda ta daina bit 32 cutar da mu nesa ba kusa ba. A nan manhaja a filashi take yawo, daga hannu zuwa hannu kamar irin shuka: mutum ɗaya ya sauke a Kano, shago ashirin su kwafa.

Wannan ya kawo mu ga ƙidaya. Idan 'yan gayya za su yanke shawarar ajiye wata na'ura, suna duba mutum nawa ke amfani da ita. Debian tana da 'yar manhajar ƙidaya da ake kira popcon, wadda ke aika rahoto sau ɗaya a mako, amma sai mai kwamfuta ya yarda da kansa, kuma sai da intanet. Kwamfutar da aka girka daga filashin da ya zaga shago ashirin, wadda ba ta taɓa hawa intanet ba, a wannan lissafi babu ita. Ba mugunta aka yi mata ba. Ba a san an haife ta ba.

Waɗanda aka san da su kuwa ana jin su. A Yunin 2019 kamfanin da ke yin Ubuntu, wani tsarin Linux, ya ce zai daina kayan bit 32 gaba ɗaya. Masu wasannin kwamfuta suka yi ca, kamfanin Valve mai dandalin Steam ya ce zai janye, cikin 'yan kwanaki aka sassauta. A Yunin 2025 aka kawo irin wannan shawara a Fedora, ita ma tsarin Linux ce, aka sake yin ca, aka janye ta. Masu wasa sun ceci abin wasansu sau biyu domin sun yi magana a inda ake yanke hukunci. Mu da muke cin abinci da na'urorin ba mu ce uffan ba, mai ɗaki kuwa shi ya san inda yake masa yoyo.

To har ina ya kamata a raka tsohuwa? Ni a ganina ba kalanda ce za ta faɗa ba. Muddin akwai mai amfani da na'ura kuma akwai wanda ya ɗauki nauyin gwada ta, a bar ta. Ranar da mai gwadawa ya ƙare, a faɗi gaskiya, domin rubuta cewa ana goyon bayan abin da babu mai dubawa ya fi sallama muni: mutum zai shigar da lambar asusunsa na banki cikin burauzar da ba a toshe ramukanta ba yana zaton akwai mai gadi. Amma sallama tana da ladabi. A sanar da wuri, shekara guda ko biyu, ba ranar da mutum ya danna sabuntawa ya tarar da baƙin allo ba. A bar siga ta ƙarshe a inda za a iya sauke ta, a rubuta a jikinta cewa ita ce ta ƙarshe. A nan Debian ta yi abin da ya dace, domin siga ta 12 da ta fito a Yunin 2023 tana ɗauke da bit 32, kuma za a ci gaba da toshe mata ramuka har Yunin 2028. Mozilla ma ta riƙe wa masu Windows 7 burauzarta Firefox 115, ta ɗaga wa'adin fiye da sau ɗaya da ta ga yawansu. VLC 3.0 da ta fito a 2018, shekara huɗu bayan Microsoft ta bar XP, tana tashi a kan XP. Kuma gayya tana da wani alheri da kamfani ba shi da shi: in manya sun ajiye kaya, ƙanana suna da 'yancin ɗauka, kamar yadda gayyar antiX ta daɗe tana yi wa tsofaffin na'urori.

Tsarin da ya fi burge ni shi ne na Wikipedia. Sabuwar burauza tana samun komai da komai. Tsohuwa, matuƙar tana iya ƙulla amintacciyar hanya da shafin, ana ba ta rubutun zalla babu kwalliya. Haka ake yi wa tsoho a gidan biki. Ba a ce ya tashi ya yi rawa, ba a kuma hana shi tuwo.

Akwai wani abu da bai kamata a taɓa sallama ba ko da an sallami na'ura, shi ne takardun da aka rubuta da ita. Mu Hausawa mun san wannan a jikinmu. A shekarun 1990, lokacin da kwamfuta ba ta san ƙ da ɗ da ɓ ba, Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya ƙirƙiro salon haruffan rabi'at da abdalla, aka buga littattafai da kundaye da mujallu masu yawa da su. Babban taimako ne a lokacinsa. Da duniya ta koma tsarin Unicode, wanda ya ba kowane harafi lambarsa ta dindindin, sai ya zama duk wanda ya buɗe tsohon fayil a na'urar da babu waɗancan haruffa zai tarar da wasu alamomi a gurbin masu ƙugiya. Rubutun Hausa na shekaru yana kwance a irin waɗannan fayiloli. Juya su zuwa Unicode gayya ce da babu wani ɗan Jamus ko ɗan Faransa da zai kira mana ita, don bai san da matsalar ba. Tamu ce, kuma ɗaliban kwamfuta da na Hausa a Kano sun isa su yi ta.

Haka ma maganar gwaji. Abin da ya fi ƙaranci a wajen 'yan gayyar nan shi ne abin da ya fi yawa a wajenmu, wato tsohuwar na'ura mai rai da mutumin da ke zaune gabanta kullum. Ba sai ka iya rubuta manhaja ba. Ka girka sigar gwaji, ka ga inda ta tsaya, ka rubuta sunan furosesa da yawan ram da abin da ka danna, ka aika. Rahoto ɗaya mai tsabta daga Kabo ya fi zagi ɗari a Facebook nauyi a wurin yanke shawara.

Manyan biyun na kawu mun ƙara musu ram da muka sayo na hannu a Kano, muka girka musu Debian 13 da LibreOffice daga filashi, ya yi mako guda yana neman inda maɓallan suka koma, daga baya hannunsa ya faɗa. 'Yar ƙaramar muka sa mata siga ta 12.

Ya ce, "To ita wannan har yaushe?"

Na ce, "Kawu, har Yunin 2028 akwai masu kula da ita. Bayan nan a cire ta daga intanet, yara su ci gaba da koyon bugu a kanta har ranar da allonta ya mutu."

Ya yi shiru yana lissafi da yatsu, sannan ya tambaye ni su wane ne masu kulawar, kuma ta wace hanya ake kai musu goro. Na ce masa ba su da gida ɗaya, amma akwai ƙidayar da suke dubawa. Ya ce a sa shi a ciki. Muka kunna popcon a duka ukun. Yanzu duk ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci yana haɗa su da datar wayarsa, ya bar su a kunne har a kira la'asar, sannan ya kashe ya rufe su da tsohon zanen gado saboda ƙura.